Yoyo Ba Ya Jiran Sidi

Wanda ke zaune a gidan kansa, in rufi ya fara yoyo, shawara tsakaninsa da aljihunsa ce kawai. In yana da kuɗi ya kira magini, in babu ya tara bokiti ya jira Allah Ya hore. Gidan haɗaka kuwa rufi ɗaya ne a kan aljihu da yawa, kuma babu ranar da aljihunan nan suke cika tare. Shi ya sa a irin gidanmu ba a cika yin gardama a kan ko za a yi gyara ba, kowa ya yarda za a yi. Inda ake ɓatawa shi ne a kan yaushe.

Ni ne ma'ajin kwamitin mazauna wani bene mai hawa huɗu a Tema, garin tashar jiragen ruwa da ke gabas da Accra, wadda mu 'yan zango muke kira Ankara. Tema gari ne da aka tsara shi a takarda tun kafin a gina shi, a zamanin Kwame Nkrumah, aka buɗe tashar a 1962, aka raba unguwanni da lamba. Benenmu yana cikin waɗanda aka gina wa ma'aikata, daga baya aka sayar wa mazauna sashe-sashe. Mu iyali 16 ne, huɗu a kowane hawa: Hausawa, Dagomba, Ga, Ewe da Fante, Musulmi da Kirista. Abin da ke bayan ƙofar mutum nasa ne. Rufi, matattakala, ginshiƙai, manyan bututu da sokawe na kowa ne. Muna zaman kwamiti ranar Asabar bayan la'asar a gindin dogonyaro, saboda Juma'a ta masallaci ce, Lahadi ta coci.

Gini a bakin teku yana da ciwon da mutumin Kano ko Damagaram bai saba gani ba. Iskar teku tana ɗauke da gishiri. Kankare a ido kamar dutse yake, amma yana shan ruwa a hankali, kuma in ruwa da gishiri suka isa ga rodin da ke ciki, sai ya yi tsatsa. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma nesa ba kusa ba, don haka sai ta kumbura ta tura kankaren daga ciki, ya tsage, ya ɓanɓaro. In ya tsage ruwa ya sami ƙofa mai faɗi, tsatsa ta ƙara sauri. Ɓarnar shekara ta biyu ta fi ta farko, ta uku ta fi ta biyu. Rufinmu shimfiɗaɗɗen kankare ne da aka lulluɓe da shimfiɗar kwalta, kuma shimfiɗar ta daɗe da tsufa, ta bushe ta farfashe.

Daminar 2022 ce ta tona mana asiri. A watan Yuni, lokacin da ruwa ya fi ƙarfi a gaɓar Gana, dukkan sassa huɗu na hawan ƙarshe suka yi yoyo. A Yuli wani ɓallin kankare mai girman bulo ya faɗo daga ƙarƙashin baranda ta hawa na uku, ya fashe a daidai inda yara ke wasa da yamma. Allah Ya tsare, suna makaranta. Babu wanda ke yankin nan da ya manta da babban kantin da ya rushe a Achimota a Nuwamban 2012 ya hallaka mutane, saboda haka ba a yi musu ba da aka ce a kira injiniya. Ya hau rufi, ya bi barandu yana ƙwanƙwasa su da guduma yana saurare, inda ya ji sauti kamar na ƙwarya sai ya yi alama da alli. Ya ce ginshiƙai lafiya suke, amma rufi da barandu shida suna cikin hatsari, kuma ba ya ba mu shawarar mu bar wata babbar damina ta same su haka. Ya lissafa aikin gaba ɗaya, har da bututu da sokawe da fenti, sidi 260,000. A asusunmu akwai 90,000, tarin shekaru takwas na kuɗin wata.

Da a wata shekara ce, da sai a ce kowa ya ƙoƙarta. Amma 2022 shekara ce da mutanen Gana ba za su so maimaicinta ba. A Janairu ana sayen dala ɗaya da kusan sidi 6, zuwa Satumba ta kai 10. Hauhawar farashi ta tashi daga kashi 13.9 cikin 100 a Janairu zuwa 37.2 a Satumba. Tun 1 ga Yuli gwamnati ta sanar za ta nemi agajin Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF. Tun Mayu kuma aka fara cire harajin kashi 1.5 a kan kuɗin da ake turawa ta waya, har wasu maƙwabta suka koma kawo mini kuɗin wata a hannu, a ƙulle cikin leda. Kowa a benen yana lissafin shinkafa da gas da kuɗin makaranta, sai ga ni da takardar injiniya.

A zaman Satumba ra'ayi ya kasu uku. Alhaji na hawan ƙasa, wanda ke sayar da kayan gyaran mota, ya ce a jira. "Malam Ma'aji," in ji shi, "wa yake gini a cikin guguwa? Ku bari ƙura ta lafa. In kuɗin IMF ya shigo sidi zai dawo, kaya su sauko, mu yi aikin da rabin wannan kuɗi. Yanzu in ka ce kowa ya kawo, daga bakin 'ya'yansa zai cire." Maganarsa tana da nauyi, domin shi kansa jarinsa yana narkewa a hannunsa: abin da ya sayar yau ba ya iya sayo madadinsa gobe.

Anti ta hawa na biyu, ma'aikaciyar banki, ta ce a jira amma kada a bar kuɗin yana barci. A sa shi a takardun bashin gwamnati na kwana 91, waɗanda a lokacin suke ba da ruwa kusan kashi 30. Mu Musulmin kwamiti tun asali ba mu yarda a sa kuɗin asusu a inda zai jawo kuɗin ruwa ba, shi ya sa yake zaune a banki haka nan. Wasu kuma, har cikin Kiristoci, tun da aka soke lasisin bankuna da kamfanonin ajiya da dama tsakanin 2017 da 2019 kuɗin jama'a ya maƙale, ba sa son jin an kai kuɗi ko'ina. Wani matashi ya kawo shawarar cin bashin banki a gama komai lokaci ɗaya, Anti da kanta ta kashe maganar: ruwan bashi ya haura kashi 30, kuma wane banki ne zai ba kwamitin da ba shi da abin jingina?

Hajiya ta hawan ƙarshe, mai sayar da atamfa a kasuwar Unguwa ta Ɗaya, ba ta yi dogon bayani ba. Ta ce, "Alhaji, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni katifa biyu na jefar bana. In za ku jira, ku zo mu yi musanyar ɗaki, sai mu jira tare."

Abin da na faɗa a zaman nan daga wurin aikina na samo shi. Ni akawu ne a kamfanin fiton kaya a tasha. Kullum ina ganin jiragen da ke sauke ƙonannen dutsen da ake niƙawa a yi siminti, domin yawancinsa daga waje Gana take sayo shi, da dala. Shimfiɗar kwalta daga waje take zuwa. Rodi ko an narka shi a Tema, farashinsa yana bin dala da kuɗin wuta. To kuɗinmu sidi ne, kayan da za mu saya kuwa da dala ake auna su. Na ɗauki alli na rubuta a bango: sidi 90,000 a Janairu dala 15,000 ne, yau dala 9,000. Ba mu taɓa ko kwabo ba, amma kashi biyu cikin biyar na rodin da kuɗin zai saya mana a farkon shekara ya tafi. Ko mun bi shawarar Anti, ruwan kashi 30 a shekara bai kamo wannan gudu ba.

Na kuma ce musu matsin tattalin arziki iri biyu ne, kuma maganar Alhaji ta dace da iri ɗaya. Akwai matsin da kasuwa ke mutuwa, kaya su yi kwantai, farashi ya faɗi. A nan mai kuɗi a hannu sarki ne, jira riba ce. Akwai kuma wanda kuɗin ƙasa ne ke lalacewa, kaya suna hawa kullum. Namu na biyun ne. Sai dai a cikinsa akwai abu ɗaya da ya yi araha, wato hannun ma'aikaci. Gine-gine sun tsaya ko'ina, birkiloli da kafintoci suna zaune a bakin titi, 'yan kwangilar da a da sai ka bi su wata uku kafin su duba ka, yanzu su ke kiran waya. Saboda haka kaya a saya da wuri, aiki kuma a yi shi yayin da masu yinsa ke nema.

Abu na uku ba ni na kawo shi ba, injiniya ne: kalandar ruwa. Ba a manna shimfiɗar kwalta a kan jiƙaƙƙen kankare, danshin da aka rufe zai kumbura ta. A gaɓar Gana damina biyu ce, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Sararin da za a buɗe rufi hankali kwance shi ne Disamba zuwa Fabrairu, lokacin hunturu. In ya wuce, sai wata shekara. Wato abin da Alhaji yake kira jiran wata biyu ko uku, a wurin rufi jiran shekara guda ne cif, da babbar damina a tsakiya.

Ba mu tashi da yarjejeniya ranar ba. Sai da aka yi zama uku. Abin da ya warware kullin shi ne raba aikin. Muka ce wa injiniya ya jera mana ayyukan gida uku: wanda zai iya kashe mutum, wanda ke ƙara lalacewa in an bar shi, da wanda muni ne kawai. Barandu suka faɗa na farko, rufi ya shiga na farko da na biyu, bututu da sokawe na biyu amma ciwonsu a hankali yake tafiya, fenti na uku. Rufi da barandu kaɗai suka kama sidi 150,000. Giɓi ya zama 60,000, wato 3,750 a kan kowane sashe. Muka raba shi wata biyar, Oktoba zuwa Fabrairu, 750 duk wata, kamar zubin adashi. A shekarar da mafi ƙarancin albashin yini yake sidi 13.53, wannan ba ƙaramin nauyi ba ne, kuma ban taɓa nuna wa kowa cewa ƙarami ne ba.

Mutanen hawan ƙasa suka ce su ruwan rufi bai taɓa ɗiga musu ba, abin da ke damunsu sokawe ne da ke tumbatsa a bayan tagoginsu, ga shi an tura shi baya. Gaskiyarsu ne. Muka rubuta a littafin kwamiti, kowa ya sa hannu, cewa aiki na gaba sokawe ne, ba za a taɓa fenti ko wani abu ba kafin shi, kuma mutanen sama za su biya daidai da na ƙasa ba tare da gardama ba. Alhaji ya sa hannu a ƙarshe, yana cewa, "Na sa ne don zaman tare, ba don kun gamsar da ni ba."

A makon ƙarshe na Satumba muka fitar da 80,000 muka bar 10,000 saboda larura. Mu uku muka tafi kasuwa, ni da Anti da wani maƙwabci, don kada a ce ma'aji ya yi ciniki shi kaɗai. A lokacin 'yan kasuwa in sun rubuta maka farashi sai su ce na yau ne kawai. Muka sayi rodi, naɗin shimfiɗar kwalta, maganin tsatsa da bututun indararo. Muka jera naɗin a tsaye a ɗakin ƙarƙashin matattakala inda rana ba ta shiga, rodi kuma muka ɗora shi a kan katako muka rufe. Siminti ne ba mu saya ba, duk da muna kallonsa yana hawa daga sidi 50 da ɗoriya a farkon shekara har ya haura 80. Siminti ba ya ajiyuwa a iskar teku. In ya yi wata biyu ko uku sai ya fara dunƙulewa, ƙarfinsa ya ragu. Muka haƙura za mu saye shi mako-mako a duk farashin da muka tarar. Da ɗan kwangila kuma muka yi yarjejeniyar aikin hannu kaɗai, ana biyansa kashi-kashi, sai injiniya ya duba mataki ya amince.

A Oktoba sidi ya zube. 'Yan kasuwar Ankara suka rufe shaguna don nuna fushi. A ƙarshen watan Shugaba Akufo-Addo ya yi wa ƙasa jawabi, ya ce kuɗi ba ya son hayaniya, maganar ta zama abin zolaya a bakin kowa. A Nuwamba dala ta haura sidi 14. Masu cewa mun yi dabara suka yi yawa a matattakala. Sai kuma a tsakiyar Disamba sidi ya yi wani irin tashi, dala ta faɗo ƙasa da 10 cikin 'yan kwanaki. Alhaji ya tare ni a bakin ƙofa: "Malam Ma'aji, ka gani?" Na ce na gani, Alhaji, mu je kasuwa mu tambayi rodi. Farashi a ƙasar nan ya san hanyar hawa, hanyar sauka ce yake ɓata. Kafin Janairu ya ƙare dala ta sake hawa. Ni dai abin da na riƙe shi ne, ba mu san Oktoba za ta zo haka ba, ba mu kuma san Disamba ba. Babu mai duba a kwamitinmu. Ruwan Afrilu kaɗai muka tabbatar da zuwansa, da shi muka yi lissafi.

Abin da ya fi taɓa ni a wannan aiki bai shafi rodi ba. Akwai wani dattijo a hawa na biyu, malamin makaranta mai ritaya, Bafante da ya tashi kusa da zango yana jin Hausa kamar mu. Baba Tica muke ce masa. Bai taɓa makara da kuɗin wata ba tun da na karɓi littafi. Ya biya Oktoba, ya biya Nuwamba. A 5 ga Disamba gwamnati ta ƙaddamar da shirin musanya takardun bashinta na cikin gida da sababbi masu dogon wa'adi da ƙarancin ruwa, kuma kuɗin sallamar Baba duk a irin waɗannan takardu yake. Ranar 19 ga watan ƙasa ta dakatar da biyan yawancin bashinta na waje. Hauhawar farashi ta kai kashi 54.1. Tsofaffi masu fansho suka riƙa zaman dirshan a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi, har tsohuwar Babbar Mai Shari'a Sophia Akuffo ta je ta zauna tare da su a Fabrairun 2023. Daga baya aka ce an tsame 'yan fansho, amma biyan ya riƙa jinkiri.

Baba ya ƙwanƙwasa mini ƙofa bayan isha'i, ya ƙi zama. Ya ce, "Ɗana, wata uku suka rage mini, ba ni da su. Kada ka karanta sunana a zaman kwamiti. Ka ba ni lokaci, zan sayar da firij." Na ce, "Baba, ka bar firij tukuna." Hajiya ta ji labari ta ce za ta biya masa a ɓoye, na san kuwa in ya gano ba zai sake haɗa ido da ita ba. To dama injiniya ya ce lallai mu sami mai sa ido, wanda zai ƙirga buhu da rodi safe da yamma, ya tabbatar ana shayar da sabon kankare ruwa, domin iskar hunturu tana busar da shi kafin ya yi ƙarfi sai ya tsattsage. Dukkanmu muna fita aiki. Kwamiti ya ɗauki Baba wannan aiki a kan sidi 2,250, daidai abin da ake binsa. Ya zo da littafi da jan biro irin na gyaran jarrabawa. Mako bakwai yana kan rufi da hula, leburori suna ce masa Hedimasta. Buhu ɗaya bai ɓata ba, kuma sau biyu yana sa a sake haɗin da aka cika wa yashi. Abin da ya tsare mana ya fi abin da muka biya shi.

An fara aiki a makon farko na Janairu, aka gama a ƙarshen Fabrairu. Aka fasa duk kankaren da ya saki, aka kankare tsatsa, aka ƙara rodi inda ya sirance, aka gyara gangaren rufi don ruwa ya daina kwanciya, aka manna sabuwar shimfiɗa da wuta. Siminti da ƙarin harajin kaya da ya fara aiki a Janairu suka cinye 10,000 ɗin da muka ajiye. A Mayun 2023 IMF ta amince da bashin dala biliyan 3, a Yuni ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, Hajiya ta kwana a kan busasshiyar katifa.

Akwai abin da muka biya wanda ba ya cikin takardar injiniya. Iyali ɗaya sun kasa haɗa zubin da kuɗin makaranta, suka ba da sashensu haya suka koma Ashaiman wurin dangi, har yau ba su dawo ba. Mutanen ƙasa sun sha warin sokawe shekara guda cur kafin a gyara shi a ranin 2024, a farashin da ya fi na takardar farko. Benen har yanzu ba fenti, tabon sabon siminti ya yi masa dabbare-dabbare, baƙo in ya gani sai ya ɗauka ba mu damu da shi ba. Alhaji yana amsa gaisuwata, amma ya daina tsayawa hira. A 2025 sidi ya farfaɗo da gaske, dala ta sauko daga sama da 15 zuwa kusan 10, ya aiko ɗansa ya gaya mini. Na ce a gaishe shi, a kuma tuna masa a kan 10 ɗin muka saya, kuma tsakanin ranar da ya ce a jira da ranar da sidi ya dawo, manyan damina biyu sun wuce, ta uku ta kama.

Tun daga nan mun canza abu uku. Mun ƙara kuɗin wata, kuma duk Janairu ana sake duba shi a kan farashin buhun siminti, don kada asusu ya riƙa kumbura a littafi yana ramewa a kasuwa. Duk hunturu injiniya yana zagaya benen da gudumarsa, ko ba abin da ya faɗo. Kuma a littafin kwamiti mun buɗe shafi na waɗanda za su biya da aikin hannu in wata ya yi musu nauyi: shara, gadin kaya, gyaran fitilun matattakala. Mutum uku sun riga sun shiga shafin, babu wanda aka karanta sunansa a gindin dogonyaro.

Wanda duk ya sami kansa riƙe da littafin irin wannan kwamiti a shekarar wahala, abin da zan ce masa shi ne ya fara tambayar mai sani wane ɓangare ne ba zai kai baɗi ba, ya tambayi kansa kuɗin da ke hannunsa ƙaruwa yake ko narkewa, sannan ya zauna da littafi ya bi ƙofa-ƙofa a zuciyarsa, ya san wa zai iya, wa zai yi shiru don kunya. Fentinmu an sa shi a hunturu mai zuwa, in Allah Ya kai mu. An riga an fara gardama a kan launi, Alhaji yana son fari, Hajiya ta ce fari ba ya jure ƙurar Tema.